Kada Laifin Hanya Ya Hau Kan Mai Kaya

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. To amma duk wanda ya dubi irin kwalaye da ƙunshe-ƙunshen da motoci ke saukewa a tashar Tanut, ko waɗanda ake ƙarasawa da su Belbeji da Gangara da Bakin Birji, ya san cewa jama'ar Damargu sun daɗe da shiga wannan ciniki, kuma ba su da niyyar fita. Ɗan kasuwa yana zaune a rumfarsa zai ga hoton turmin atamfa na Kantin Kwari a Kano, ko wayar salula, ko kayan gyaran babur, ko farantin hasken rana, a zauren WhatsApp ko a Facebook. Wani lokaci ma gwanjo ake yi, wanda ya fi ƙari shi ke ɗauka. A yi taye da murya, a sallama da murya, ya biya ta Nita ko Al Izza ko Amana in mai kayan yana Damagaram ko Maraɗi ko Yamai, ya biya ta hannun ƴan canji in yana Najeriya, sannan ya koma ya zuba wa hanya ido. Malamin lakwal da aka tura ƙauye da ma'aikacin gidan likita su ma haka suke yi in albashi ya shigo, domin ba kowane wata mutum zai bar aikinsa ya tafi kasuwar Dole ba.

A irin wannan ciniki ido ba ya aiki, hannu ba ya taɓawa, abin da ya rage wa mai saye shi ne shaidar waɗanda suka riga shi. Kafin mutum ya aika kuɗinsa ga wanda bai taɓa gani ba sai ya tambaya: wa ya taɓa sayayya wurin wane? Amsar da aka ba shi, ko a bakin masallaci, ko a zauren waya, ko da taurarin da ake latsawa a manyan kasuwannin intanet, ita ce za ta buɗe aljihunsa ko ta rufe shi. Saboda haka kalmar da kowannenmu ke faɗa bayan kaya sun iso ta zama wani ɓangare na jarin mai kaya, ta kuma zama garkuwar maƙwabcin da zai saya gobe. Abin takaici, wannan shaida mun ɗauke ta da wasa. Mota ta yi kwana 3 a hanya, sai a ce wane macuci ne. Kuɗin dako ya tashi, sai a ce wane ɓarawo ne. A gefe guda kuma, wanda ya aiko da jabu ana kallonsa ana shiru, don ɗan garinmu ne ko surukin wani babba. Ra'ayinmu a nan shi ne a raba abin da ke hannun mai kaya da abin da ke hannun hanya, a ba kowa nasa, domin shaidar da ta cakuɗa su ba ta amfanin kowa.

Kakanninmu sun san wannan rabo

Kada a ɗauka cinikin nesa baƙo ne a Damargu. Ƙasar nan ta yi ƙarnuka tana zangon ayarin da ke tasowa daga Kano da Damagaram zuwa Agadas, daga can zuwa Gat da Gadamus da Tarabulus, kuma geronta ne ke ciyar da mutanen Abzin da ayarin gishirin Bilma. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Damargu tare da ayarin gishiri na Kel Ewe, a nan ne ma ya rabu da abokan tafiyarsa biyu, kowa ya kama hanyarsa. A wancan zamani attajiri a Gadamus yakan ba da kaya bashi ga wakilinsa da ke Damagaram ko Kano, ba za su sake haɗuwa ba sai bayan shekara ko fiye, babu abin da ke tsakaninsu sai wasiƙa da suna mai kyau. Wannan fatauci bai durƙushe ba sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin teku.

Abin lura a tsarin nasu shi ne kowa da nasa nauyi. Mai kaya shi ke da alhakin kyawun kaya da cikar awo. Madugu shi ke da alhakin hanya, da rijiyoyi, da sulhu da masu tare ayari. Mai masauki da dillali su ke tsaya wa baƙo, su shaide shi, su ci la'ada, in ya gudu da bashi su ake kamawa. In ƴan fashi suka auka wa ayari, ba wanda zai ce attajirin Gadamus ya ci amana. In kuwa aka kwance ɗauri aka tarar da ƙyalle maras kyau a tsakiya, ba wanda zai zargi raƙumi. Malamanmu na zaure ma sun san babin, domin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ɗalibai ke karantawa har gobe, ta halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa. Sharaɗin shi ne siffar ta kasance sananniya, kayan kuma su zo daidai da ita. Ke nan tun can asali ma'aunin mai sayarwa shi ne maganar da ta fito daga bakinsa.

Darasin kasuwar gwanjo ta Amurka

Turawa ma da suka ƙirƙiro gwanjon intanet sun sha wannan wahala kafin su gane. An kafa eBay a Amurka a 1995, a hannun Pierre Omidyar, kuma tun a 1996 ya buɗe wurin da mai saye da mai sayarwa za su riƙa shaidar juna a bainar jama'a, domin ya ga ba shi da wata hanyar da zai sa baƙi biyu su amince wa juna. Da farko hukuncin dunƙule yake: ko yabo, ko suka, ko tsaka-tsaki. Da tafiya ta yi nisa suka ga dunƙulallen hukunci ba ya gaya wa mai karatu inda matsalar take, sai a 2007 suka raba shi gida 4: shin kayan sun dace da yadda aka siffanta su, yaya mai kayan yake wajen amsa magana, da wane sauri ya aika, kuma kuɗin aiken da ya caza ya yi daidai ko ya wuce kima. A 2008 kuma suka hana masu sayarwa yi wa masu saye mummunar shaida, saboda an lura mutane na tsoron faɗin gaskiya kada a rama musu.

Ba muna cewa a kwaso tsarin Amurka a dasa a Tarka ba. Abin ɗauka biyu ne. Na farko, ciniki guda yana da gaɓoɓi, kuma mutum na iya cika uku ya gaza a ɗaya. Na biyu, shaidar da ake bayarwa cikin tsoro ko cikin ramuwa ta tashi daga shaida. Waɗannan gaɓoɓi 4 sun ishe mu ma'auni, ko da babu tauraro ko ɗaya a wayarmu.

Abin da ke wuyan mai kaya

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai sayarwa da ya karɓi kuɗin mutum ya ɗauki nauyi huɗu da ba wanda zai sauke masa. Ya aiko da abin da ya nuna a hoto, launinsa da ƙirarsa da adadinsa, in da aibi ya faɗe shi tun kafin a biya. Ya ɗaure kaya ɗaurin da zai jure hanyarmu, domin wanda ya sa farantin hasken rana a kwali guda ba tare da matashi ba, ya miƙa shi a ɗora bisa motar da za ta bi rairayi, shi ya fasa shi tun a shago. Ya kai kaya tasha ranar da ya ce zai kai. Sannan ya faɗi gaskiyar kuɗin mota. Akwai masu karya farashi a hoto don su ja mai saye, su mayar da ribar cikin kuɗin aike: direba ya karɓi jika 2, a ce wa mai saye jika 5. Wannan ha'inci ne, kuma wanda aka yi wa haka yana da haƙƙin ya faɗa da babbar murya.

Batun amsa waya shi ne ya fi kowane nauyi, domin shi ke bambanta jinkiri da cuta. Mai gaskiya in ya ɗora kaya zai aiko da hoton rasiɗi, da lambar direba, da sunan kamfani ko lambar mota. In mota ta lalace shi zai fara kira. In kaya sun ƙare a shagonsa bayan an biya, zai faɗa a ranar, ya ba da zaɓi tsakanin jira da mayar da kuɗi. Wanda kafin a biya yake amsa saƙo cikin ƙiftawar ido, bayan an biya kuma wayarsa ta zama kurma, ko da kayan sun iso daga baya ya cancanci a ce: kayansa na da kyau, amma ya bar ni cikin zullumi kwana 6. Wannan shaida ce ta adalci, kuma shi kansa za ta gyara shi in yana da kunnen ji.

Abin da ke wuyan hanya

Sai dai mu dubi inda Allah ya ajiye mu. Daga Kano zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne, da iyakar ƙasa a tsakani, da ƴan duwan, da shingayen jami'ai a kowane ɓangare. Daga Damagaram zuwa Tanut akwai wajen kilomita 140. Belbeji kuwa, wadda aka ɗaga ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ba ta bisa babbar hanyar Agadas, saboda haka saƙonta sau da yawa sai ya sauka a wani wuri ya jira motar da za ta ƙarasa da shi, wani lokaci sai ranar kasuwa. Ita kanta babbar hanyar ta yi shekaru tana cin tayoyi da ƙarafan motoci kafin a shiga gyaran ɓangaren Damagaram zuwa Tanut da kuɗin Tarayyar Turai, Bankin Duniya kuma ya amince a 2021 da kuɗin gyaran ɓangaren Tanut zuwa Tigidit. Da damina korama na iya tsayar da mota kwana guda cur. A ƙauyuka da yawa rezo na zuwa yana ɗaukewa, har mutum ya yi ta kiran wanda wayarsa ke buɗe bai same shi ba.

A kan wannan sai a ƙara abin da ƴan siyasa ke ɗora mana. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, iyaka ta sake rufewa, ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar a watan Maris. A cikin waɗannan watanni kaya sun bi ta ɓarauniyar hanya, kuɗin dako ya ninka, kwanaki sun ƙaru. A shekarar 2023 ɗin dai aka cire tallafin man fetur a Najeriya aka kuma saki naira ta nemi farashinta, har ya zama abin da aka yi ciniki a kai da safe na iya sauya lissafi kafin ɗan canji ya miƙa kuɗin da yamma. Dattawan kasuwa da suka ga karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 sun san irin wannan rana. Mai shago a Kantin Kwari bai rufe iyaka ba, bai haƙa ramukan hanya ba, bai kafa shinge ba. Wanda ya zage shi a kan waɗannan ya bar jaki yana dukan taiki.

Za a ce mana: ni da mai kaya na yi ciniki, ban san direba ba, saboda haka shi zan kama. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma amsarta na ga tambaya guda: wa ya zaɓi motar, kuma me aka yi alkawari? In mai kaya ya ce zai sadar da su har Tanut ranar Laraba, ya zaɓi direbansa, ya karɓi kuɗin haka, to hanya ta shiga cikin alkawarinsa, abin da ya ɓace shi zai biya, shi kuma ya bi direba. In kuwa mai saye ne ya ce a ba wane direba, ɗan unguwarmu ne, ko ya ƙi biyan kuɗin kamfani mai ba da rasiɗi ya zaɓi mai araha, to daga lokacin da kaya suka hau mota nauyin ya bar wuyan mai shago. Yawancin rigingimun da ake kai wa shugabannin ƴan kasuwa daga nan suke tasowa, don ba a yanke wannan magana ba tun farko. Kalma biyu kafin a biya sun fi shari'ar wata guda.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai saye nawa ne ke ba da lambar da ba ta shiga, ko ya bar kwalinsa kwana 4 a tasha rana na dukansa, ko ya ce a aiko zai cika sauran kuɗi in kaya sun iso, su iso ya ce ya fasa? Wanda ya yi haka sannan ya hau waya yana kuka da mai kaya ya haɗa zalunci biyu.

Fushi da kunya, duka ɓarna ne

Cututtukan shaidarmu biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne. Ta farko gaggawar fushi. Saƙon murya na minti guda da aka yi cikin ɓacin rai zai zaga zauruka goma kafin la'asar, ya isa Agadas da Maraɗi, ya shiga kunnen mutanen da ba su san mafarin zancen ba. Washegari kaya su iso lafiya, mai ƙorafi ya yi shiru abinsa, ba zai koma ya ce jama'a na yi gaggawa ba. Magana zarar bunu ce. Yaron da ya tara jarinsa da guminsa, wanda ba shi da shago babba sai waya da sunansa, ana iya kashe masa kasuwa a yini guda. Ya kamata ma'aikata musamman su tuna cewa doka ba ta yi barci ba: dokar laifukan intanet ta 2019 ta hukunta ɓata suna ta hanyar sadarwar zamani, an cire hukuncin ɗauri a 2022, aka mayar da shi a watan Yunin 2024. Ko me mutum ke gani game da tsananin wannan doka, kuma akwai abin faɗa a kai, ba ta hana kowa ya ce na biya ranar kaza, kaya sun iso ranar kaza, ga hotonsu ba. Kalmar ɓarawo ce ke bukatar hujja.

Cuta ta biyu ita ce kunya. An cuce ka, an tambaye ka, ka ce ba laifi, don kada a ce ka tona asirin ɗan uwa. Kunyar mara kunya asara ce, kuma asarar ba a kanka za ta tsaya ba, a kan malamin da zai aika rabin albashinsa gobe bisa shirun da ka yi za ta faɗa. Haka nan wanda aka kyautata wa ya ƙi faɗa, shi ma ya tauye haƙƙi. In masu jin daɗi sun yi shiru, masu fushi kaɗai ake ji, sai kasuwa ta zama kamar babu mutumin kirki a cikinta. Tun Babban Taron Ƙasa na 1991 muke alfahari da ƴancin faɗar albarkacin baki. Wannan ƴanci ba don a soki minista kaɗai aka same shi ba, yana aiki a kan mudu da ma'auni, kuma nauyinsa ɗaya ne ko'ina: ka faɗi abin da ka gani, ka tsaya inda saninka ya tsaya.

Kada kuma a manta wanda zai fi shan wahala in shaida ta lalace. Mai kaya a Kano ko Yamai yana da masu saye a garuruwa ɗari. In ya ga duk saƙon da ya tura Damargu zagi yake jawo masa, zai daina turawa, ko ya ƙara farashi don ya rufe hatsarin. Masu gaskiya su janye, a bar mu da waɗanda ba su da sunan da za su yi asara. Mu da muke ƙarshen hanya mu ne muka fi kowa bukatar a san mu da adalci.

Abin yi

Ga mai saye, shawararmu ba ta da tsada. Kafin ka biya, a yanke wa zai zaɓi mota, nawa ne kuɗinta, wa zai ɗauki asara in kaya sun ɓace, kuma a bar maganar a rubuce ko a murya cikin waya. In an samu matsala, ka fara kiran mai kaya kai da shi, ka ba shi kwana biyu ko uku, domin mai gaskiya yakan gyara kafin duniya ta ji. In za ka yi shaida, ka rarraba ta: kaya kaza ne, ɗauri kaza ne, ya aika ranar da ya ce ko bai aika ba, yana amsa waya ko ba ya amsawa, mota ta yi kwana kaza. In ka yi suka sannan aka gyara, ka koma wurin da ka yi sukar ka faɗi gyaran, da murya irin wadda ka yi sukar da ita.

Ga masu riƙe da zaurukan ciniki, su sani sun gaji kujerar mai masauki na da. Kada su bar a kira mutum macuci ba tare da rasiɗi ko hoto ba, kada kuma su goge ƙorafi mai hujja don mai kayan abokinsu ne. A ba wanda ake zargi damar amsawa a wurin da aka zarge shi.

Ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na direbobi a Tanut da Belbeji, lokaci ya yi da kowace tasha za ta ajiye littafin saƙo: ranar da kaya suka hau, sunan direba, kuɗin da aka biya, ranar da suka sauka, sa hannun wanda ya karɓa. Littafin jika guda zai kashe rabin gardamar da ake yi. Kukan hanya da na shingaye kuwa a tattara shi a kai wa masu shi, wato hukumomin gunduma da na jaha da ma'aikatar sufuri. Kukan rezo a kai wa kamfanonin waya da hukumar ARCEP da aka ɗora wa sa musu ido. Fushin da muke ƙonawa a kan ƙaramin ɗan kasuwa, da za mu haɗa shi wuri guda mu kai ƙofar da ta dace, da wani abu ya motsa.

Mutanen da suka ce shaidar duniya ita ce ta lahira. Wanda aka tambaya game da ɗan uwansa an ɗora masa amana biyu, ta wanda ake tambaya a kansa da ta mai tambayar, kuma ba ya sauke ɗaya da cin ɗayar. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya, ya kuma kawo kayan kowa gida lafiya.